Ozzie Newsome da aikin janar manaja a ƙwallon Amurka: basira ce, tsari ne, ko sa'a?

Aminu, Baltimore:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Kwanakin baya Alhaji Garba ya tambaye ni dalilin da ya sa, duk lokacin da hirar ƙwallon Amurka ta taso a wannan zaure, nake yawan ambaton mutumin da ba ya sa kwalkwali, ba ya tsayawa a gefen fili, kuma da wuya a ga fuskarsa a talabijin. Na yi alkawarin ba da amsa a tsanake, yau kuwa na samu sarari. Mutumin shi ne Ozzie Newsome, wanda ya riƙe ragamar zaɓen 'yan wasa a ƙungiyar Baltimore Ravens tun daga kafuwarta a 1996 har zuwa ƙarshen kakar 2018, wanda kuma a watan Nuwamba na 2002 ya zama baƙar fata na farko da aka naɗa janar manaja a gasar NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka.

An haife shi a 1956 a garin Muscle Shoals na jihar Alabama, ya buga wa Jami'ar Alabama wasa a ƙarƙashin shahararren kocin nan Paul Bryant, sannan ƙungiyar Cleveland Browns ta ɗauke shi a 1978. Shekara 13 ya yi yana buga mata, ya cafe ƙwallo sau 662, kuma a 1999 aka shigar da shi Zauren Gwarzaye da ke Canton a jihar Ohio. Sau uku ƙungiyarsa tana kaiwa matakin da ya rage wasa ɗaya a shiga Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin gasar, sau ukun kuma Denver ce ta tare musu hanya. Da ya ajiye wasa bai nemi kujerar sharhi a gidan talabijin ba, sai ya shiga ofishin ƙungiyar a 1991, ya fara daga ƙasa, yana kallon kaset ɗin wasanni yana rubuta rahoto a kan 'yan wasa, a lokacin da Bill Belichick yake kocin Cleveland.

Abin da nake so mu tattauna ya faru ne a watan Afrilu na 1996. Ƙungiyar ta baro Cleveland ke nan ta koma Baltimore da sunan Ravens, tana baƙuwa a sabon gari, tana neman abin da zai jawo jama'a su sayi tikiti. Mai ƙungiyar, Art Modell, ransa ya kwanta da Lawrence Phillips na Jami'ar Nebraska, mai gudu da ƙwallo wanda sunansa ya cika gari. Newsome kuwa ya tsaya a kan Jonathan Ogden na Jami'ar UCLA, ƙaton da aikinsa tare abokan gaba ne kawai, aikin da ba wanda yake tafa masa, alhali ma ƙungiyar tana da mai riƙe da wannan gurbi. Hujjarsa ita ce Ogden ne a saman jerin da ma'aikatansa suka shafe watanni suna shiryawa. A zaɓen sabbin 'yan wasa na shekarar aka ɗauki Ogden a lamba ta 4, aka ɗauki Ray Lewis a lamba ta 26, kuma dukansu biyu yau suna Zauren Gwarzaye. Ra'ayina shi ne, girman Newsome bai tsaya ga kaifin ido ba. Ya samu ɗaukaka ne saboda yana riƙe tsarin da aka shimfiɗa cikin natsuwa a daidai lokacin da kowa a ɗakin yake cikin gaggawa, ko da kuwa mai gaggawar shi ne mai biyansa albashi.

Alhaji Garba, Kano:

Wa alaikumus salam, Malam Aminu. Na gode da cika alkawari. Sai dai kafin mu yi nisa, ina roƙon ka warware mana wani ƙulli, domin mu da muka saba da ƙwallon Turai mun san cewa ƙungiyar da ta fi kuɗi ita take kwashe gwanaye, koci kuma shi ake yabo, shi ake kora. Ban fahimci yadda ma'aikacin ofis zai zama ginshiƙin ƙungiya har a fifita shi a kan koci ba. Idan mai ƙungiya yana da dukiya, me zai hana shi ya sayi duk wanda yake so ya huta da wannan lissafi?

Aminu, Baltimore:

Ranka ya daɗe, Alhaji, tambayarka ita ce mabuɗin zancen gaba ɗaya. Abubuwa biyu ne suka ɗaure hannun mai kuɗi a NFL. Na farko shi ne zaɓen sabbin 'yan wasa da ake yi kowace shekara daga jami'o'i, wanda ake kira daraf. Ƙungiyoyi 32 ne, zagaye bakwai ake yi, kuma ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita take fara zaɓa, zakara kuwa shi ne na ƙarshe. Saurayin da aka zaɓa ba shi da ikon cewa ga inda yake so, kuma ba a sayensa daga jami'a da kuɗi. Na biyu shi ne iyakar albashi, wadda aka fara aiki da ita a 1994. Akwai adadin da kowace ƙungiya ba za ta wuce ba wajen biyan 'yan wasanta gaba ɗaya, komai arzikin mai ita. A shekarar farko adadin bai kai dala miliyan 35 ba, a 2024 ya haura miliyan 255, amma ko nawa ya kai, daidai yake ga kowa.

To ka ga ke nan mutum 53 za a ciyar daga tukunya ɗaya, kuma duk cokalin da aka ƙara wa wani, daga kwanon wani aka rage shi. Janar manaja shi ne mai riƙe da ludayin. Shi yake tura masu farautar 'yan wasa su zagaya jami'o'i daga bazara har sanyi ya shigo, suna kallon atisaye, suna tambayar malamai da masu kula da kayan wasa game da halin yaro. Shi yake yanke hukuncin wanda za a sabunta wa kwantiragi da wanda za a sallama, shi yake musayar lambobin zaɓe da sauran ƙungiyoyi. Koci yana tunanin wasan ranar Lahadi mai zuwa, domin a kansa za a tuhume shi, shi kuwa janar manaja dole ya riƙa hangen shekara uku ko huɗu a gaba. Dubi ƙungiyar da ta ci kofi a watan Janairu na 2001, lokacin da Ravens ta doke New York Giants da ci 34 da 7. Masu tsaron bayanta maki 165 kacal suka bari aka ci su a wasanni 16, wanda ya zama tarihi, kuma an gina su ne sannu a hankali: Lewis a 1996, Peter Boulware a 1997, Chris McAlister a 1999, sannan aka haɗa musu da gogaggu irin su Rod Woodson.

Nura, Kaduna:

Yaya Aminu, da girmamawa, ina ganin ka zaɓi labaran da suka dace da ra'ayinka ne ka bar sauran. Idan har gaskiya ne Newsome ba ya gaggawa, me za mu ce game da 2003? A shekarar ya ɗauki Terrell Suggs a lamba ta 10, wannan ba laifi, amma daga nan sai ya ba New England zaɓensa na zagayen farko na shekara mai zuwa domin ya samu mai jefa ƙwallo Kyle Boller a lamba ta 19. Boller bai taɓa zama jagoran da aka yi fata ba, New England kuwa ta yi amfani da wannan lamba a 2004 ta ɗauki Vince Wilfork, wanda ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙanta na shekara da shekaru. Wannan ba riƙe jeri ba ne, buƙata ce ta ja shi, kamar yadda take jan kowa.

Haka kuma kada mu manta da abin da ya biyo bayan kofin farko. Trent Dilfer ne kwatabak, wato mai jefa ƙwallon da yake jagorantar hari, kuma da shi aka ci kofin, amma aka bar shi ya tafi aka kawo Elvis Grbac, wanda kaka ɗaya ya yi ya ajiye wasa. An kuma kashe kuɗi fiye da kima domin a sake cin kofin, har a 2002 iyakar albashi ta tilasta a sallami manyan 'yan wasa da yawa a lokaci guda. Ga kuma abin da ya fi ba ni mamaki: mutumin da ya yi suna da cafe ƙwallo, shi ne kuma ya fi yin kuskure wajen zaɓen masu cafe ƙwallo. Travis Taylor a 2000, Mark Clayton a 2005, Breshad Perriman a 2015, dukansu a zagayen farko, babu wanda ya kai matsayin da aka zaɓe shi dominsa. Ni a ganina, wanda ya daɗe shekara 23 a kujera ɗaya dole ya dace a wasu lokuta, mutane kuma sai su riƙe dacewar su manta da faɗuwar. Zaɓen 1996 ma ai akwai sa'a a ciki, domin da wata ƙungiya daga cikin ukun da suke gabansa ta ɗauke Ogden, da yanzu wani labarin muke bayarwa.

Hajiya Rabi, Ohio:

Ina yi wa kowa sallama. Malam Aminu ya ce ƙungiyar "ta baro Cleveland" kamar wanda ya tashi daga wannan ɗaki ya koma wancan, to ina so in nuna cewa a wajen mutanen nan jihar abin ba haka yake ba. A watan Nuwamba na 1995 Modell ya sanar da cewa zai kwashe ƙungiyar zuwa Baltimore, ana tsakiyar kaka, kuma garin ya yi shekara uku ba shi da ƙungiya, sai a 1999 aka kafa sabuwa wadda ta gaji sunan Browns da launukanta da tarihinta. Akwai wata dattijuwa da muka yi aiki tare a wani gidan kula da tsofaffi, wadda take ajiye da hoton Newsome sanye da riga mai lamba 82 a cikin jakarta, gefen hoton har ya fara cinyewa saboda daɗewa. Ta nuna mini shi wata rana muna shan shayi da asuba bayan aikin dare, ta ce a wurinta wannan yaron nasu ne, amma ba ta iya kallon wasan Baltimore, domin duk kofin da aka ɗaga a can tana jin kamar daga ɗakinta aka ɗauke shi.

Ban ɗora wa Newsome laifin ƙaurar ba, shi ma'aikaci ne, kuma ya bi wanda ya ba shi dama a lokacin da ba kowa zai ba shi ba. Abin da nake so a lura da shi shi ne, tsarin da Malam Aminu yake yabo a Cleveland aka fara dasa shi, a ofisoshin da Belichick ya koya wa matasa yadda ake auna ɗan wasa daki-daki. Lambar da aka ɗauki Ogden da ita ma, Browns ce ta same ta saboda mummunar kakar da ta yi a 1995. Wani ya share gona ya yi shuka, damina ta faɗi a gonar wani.

Aminu, Baltimore:

Hajiya, maganarki gaskiya ce, kuma na karɓi gyaran. Newsome da kansa bai taɓa ɓoye cewa a hannun Belichick ya koyi aikin ofis ba.

Nura ƙanena, ka kawo hujjoji masu nauyi, amma ka duba da kyau, misalin Boller ni yake goya wa baya. A ranar da ya saki jerinsa ya bi buƙata, a ranar ya yi asara mafi girma, kuma alamu sun nuna ya ɗauki darasi. A 2008, da aka sake neman kwatabak, ƙungiyar tana da lamba ta 8, amma bai ruga ba. Ya koma baya ya tara ƙarin lambobi, sannan ya matso gaba kaɗan ya ɗauki Joe Flacco na Jami'ar Delaware a lamba ta 18. Flacco da sabon koci John Harbaugh sun kai ƙungiyar wasannin kifa ɗaya kwala shekara biyar a jere, suka rufe da kofin watan Fabrairu na 2013 a New Orleans, inda suka doke San Francisco da ci 34 da 31, a wasan da wutar filin ta ɗauke sama da rabin sa'a.

Batun sa'a kuwa, ban musa ba, akwai ta a kowane zaɓe. Sai dai sa'a ba ta zuwa gida ɗaya kullum. A 2002, shekarar da ka ce an sallami manya, a ita ce ya ɗauki Ed Reed a lamba ta 24, wanda shi ma ya shiga Zauren Gwarzaye a 2019. Haloti Ngata a 2006, Marshal Yanda a zagaye na uku a 2007. Ƙungiya biyu daban ya gina da koci biyu daban, Brian Billick da Harbaugh, a ƙarƙashin masu mallaka biyu daban, Modell da Steve Bisciotti, kuma tsakanin kofin farko da na biyu shekara 12 ne, ba wanda ya rage a cikin 'yan wasan farko sai Ray Lewis. Rauninsa wajen masu cafe ƙwallo kuwa na yarda da shi ɗari bisa ɗari, ba ni da abin da zan kare shi da shi.

Malam Isa, Zariya:

Ni malamin tarihi ne, ba masanin wasa ba, don haka abin da ya ja hankalina shi ne shekarun da Malam Aminu ya ambata a farko. Yaron da aka haifa a Alabama a 1956 yana ɗan shekara bakwai lokacin da Gwamna George Wallace ya tsaya a ƙofar Jami'ar Alabama a 1963 domin ya hana ɗalibai baƙar fata biyu shiga. Sai a 1971 baƙar fata ya fara buga wa ƙungiyar wannan jami'a wasa, shekara uku kacal kafin Newsome ya iso. Wato yana cikin rukunin farko-farko da suka ratsa ƙofar da aka buɗe ta da ƙyar.

A NFL ma haka abin yake. An kafa gasar a 1920, baƙar fata Fritz Pollard ya horar da ƙungiyar Akron a 1921, daga nan kuma aka daɗe ƙwarai kafin wani baƙar fata, Art Shell, ya zama kocin Raiders a 1989. Fili ya cika da baƙaƙen 'yan wasa, amma ofisoshin da ake yanke hukunci sun zauna a hannun wasu. Abin lura shi ne, Newsome yana yin aikin janar manaja tun 1996, har ya ci kofi da ƙungiyar da ya haɗa, amma sunan muƙamin bai hau kansa ba sai a ƙarshen 2002, shekarar da lauyoyi Johnnie Cochran da Cyrus Mehri suka fitar da rahoton da ya tona yadda ake tauye baƙaƙen masu horarwa. A 2003 aka kafa dokar Rooney, mai ɗauke da sunan Dan Rooney na Pittsburgh Steelers, wadda a lokacin ta wajabta a yi wa aƙalla mutum ɗaya daga ƙananan jinsuna tambayoyin ɗaukar aiki kafin a naɗa koci, a 2009 kuma aka faɗaɗa ta zuwa manyan muƙaman ofis. Ina ganin natsuwar da Malam Aminu yake yabo tana da nasaba da wannan tarihi. Mutumin da ya san cewa kuskurensa ba shi kaɗai za a lissafa wa ba, za a ce ai dama irinsu ba su iya ba, dole ya riƙa auna kowane taku sau biyu. Bayansa wani baƙar fata, Jerry Reese, ya zama janar manajan Giants a 2007, ya kuma ci kofi a kakarsa ta farko.

Hajiya Rabi, Ohio:

Malam Isa ya yi bayani mai gamsarwa, kuma saboda girman wannan matsayi ne ma ba zan iya yin shiru a kan abin da ya fi damuna ba. An buɗe wannan muhawara da labarin Lawrence Phillips, amma ba a faɗi cewa babban abin da ya sa ake ɗari-ɗari da shi ba shi ne dukan da ya yi wa tsohuwar budurwarsa a 1995 yana jami'a. An yaba wa Newsome da ya kauce masa, kuma yadda rayuwar Phillips ta ƙare a gidan yari a 2016 ya nuna kaucewar ta yi daidai. To ina wannan hangen ya tafi a 2014?

A watan Fabrairu na shekarar Ray Rice, wanda Newsome ya zaɓa a 2008, ya doki matar da zai aura a cikin lif ɗin wani otal a Atlantic City. Tun a makon farko duniya ta ga bidiyon da yake jan ta daga cikin lif ɗin ba ta cikin hayyacinta. Ƙungiyar ta tsaya masa, shugabanninta suka riƙa yabon halinsa, gasar kuma ta dakatar da shi wasa biyu kawai. Sai ranar 8 ga Satumba, da bidiyon cikin lif ɗin ya fito kowa ya ga naushin da idonsa, sannan aka sallame shi a ranar. Ina tambaya a matsayina na uwa mai 'ya'ya mata: wata bakwai suna jiran me? Ƙungiyar da take iya bincike har ta san yadda yaro ya yi zaman makarantar sakandare kafin ta zaɓe shi, ba za ta ce ta kasa gano abin da ya faru a lif ɗin otal ba. Mai ƙungiyar da kansa ya amsa a wasiƙar da ya rubuta wa magoya baya cewa ba su yi abin da ya kamata ba. Idan za a rubuta tarihin aikin mutum, to a rubuta da wannan shafin a ciki.

Aminu, Baltimore:

Hajiya, ba ni da ta cewa sai dai in amsa. Ina garin nan a lokacin, na ga layin mutanen da suka je filin wasa domin mayar da rigunan Rice a musanya musu da wasu, layin ya yi tsawo har ya zagaya ginin, cikinsu akwai iyaye riƙe da hannun yara. 'Yata ta fari tana da irin wannan riga mai lamba 27, kuma tambayar da ta yi mini a mota ranar, cewa me ya sa sai yanzu, ita ce tambayarki, ban kuma samu amsar da zan ba ta ba. Hukuncin ba na Newsome shi kaɗai ba ne, akwai mai ƙungiya da shugaban gudanarwa a samansa, amma yana cikin masu yanke shi. Haƙurin da ya amfane shi a ɗakin zaɓe, a wannan karon jinkiri ya zama, kuma jinkirin ya cutar.

Alhaji Garba, Kano:

Allah ya kyauta. Na ji daɗi da ba a rufe wannan ɓangare ba. Wani abin da ya rage mini shi ne, Nura ya ce an bar wanda ya ci musu kofi ya tafi. Shin wannan ɗabi'arsa ce ko sau ɗaya ya faru? A tarbiyyarmu, wanda ya yi maka rana ba ka juya masa baya da dare, kuma ina jin nauyin in yaba wa shugaban da yake sallamar mutanensa da zarar sun gama yi masa amfani.

Nura, Kaduna:

Baba Alhaji, ɗabi'arsa ce, kuma a nan duk da sukar da na yi masa, zan ɗan tsaya a gefensa. Kalmar da aka san shi da ita ita ce ɗan wasan da ya dace a farashin da ya dace. Wata ɗaya bayan kofin 2013 Flacco ya sa hannu a kwantiragin shekara shida na dala miliyan 120.6, tukunyar ta yi ƙasa, sai aka miƙa Anquan Boldin ga San Francisco a kan zaɓen zagaye na shida kawai, alhali Boldin ya ci maki a wasan ƙarshen. Wannan kuskure ne, domin Boldin ya haura yadi dubu da ƙwallayen da ya cafe a kakar da ta biyo baya, Ravens kuwa ta ci takwas ta faɗi takwas. Amma Ed Reed da aka bari ya tafi Houston a wannan watan, kafin kakar ta ƙare Houston ta sallame shi. Haka Kelechi Osemele, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, Newsome ya zaɓe shi a zagaye na biyu a 2012, ya buga wasan ƙarshe yana sabon shiga, da kwantiraginsa ya ƙare a 2016 Raiders ta zuba masa kuɗin da Baltimore ba za ta iya ba, aka yi sallama cikin mutunci.

Akwai dabara a ƙarƙashin wannan. Dokar gasar tana ba ƙungiyar da ta rasa 'yan wasa masu tsada ƙarin lambobin zaɓe na diyya, kuma Ravens ta fi kowace ƙungiya tara irin waɗannan lambobi. Ana rainon yaro, a more shi shekara huɗu a farashi mai sauƙi, wata ƙungiya ta biya shi da tsada, a karɓi diyya a raini wani. Ba juya baya ba ne, Baba, domin shi ɗan wasan ma arzikinsa yake bi, kuma shekarun wasansa ƙidayayyu ne.

Aminu, Baltimore:

Alhaji, idan ana neman inda amanarsa ta bayyana, a duba ma'aikatan ofis. Ya riƙa ɗaukar samari 'yan shekara ashirin da wani abu a kan ƙaramin albashi, suna ɗauko 'yan wasa daga filin jirgi, suna shirya kaset, yana koya musu aikin mataki-mataki. Daga cikinsu Joe Douglas ya zama janar manajan New York Jets a 2019, Joe Hortiz na Los Angeles Chargers a 2024. Eric DeCosta kuwa, wanda ya shigo a 1996, ya ƙi tayin wasu ƙungiyoyi ya zauna yana jira, har ya gaji kujerar a watan Janairu na 2019, shi kuma Newsome ya ci gaba da zama a ofishin a matsayin mataimakin shugaba. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma shekara da shekaru aka yi ana fafe wannan. Ogden ma, da za a shigar da shi Zauren Gwarzaye a 2013, Newsome ya zaɓa ya gabatar da shi.

Zaɓensa na ƙarshe shi ne na daren 26 ga Afrilu, 2018, kuma na kalle shi a shagon aski na wani maƙwabcina, mu kusan goma a gaban ƙaramar talabijin. Ƙungiyar ta yi shekara uku ba ta shiga wasannin kifa ɗaya kwala ba, jama'a sun gaji, ana ta cewa dattijon ya tsufa. Yana da lamba ta 16, sai ya koma baya, ya sake komawa baya, ya ɗauki Hayden Hurst a ta 25. Mutane suka fara tashi suna tsaki, mai shagon ya ɗauki tsintsiya ya fara share gashi. An riga an ɗauki kwatabak huɗu a cikin goman farko, kyamara kuma tana ta komawa kan Lamar Jackson, kwatabak na Jami'ar Louisville, yana zaune da mahaifiyarsa, shi da ya ci kambun Heisman na gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2016 amma wasu masana suke cewa ya bar jifa ya koma cafe ƙwallo. Ana dab da rufe zagayen sai aka sanar cewa Baltimore ta yi musaya da Philadelphia ta karɓi lamba ta 32. Mai shagon ya tsaya da tsintsiya a hannu, waɗanda suka kai ƙofa suka dawo. A kakar 2019 aka zaɓi Jackson gwarzon ɗan wasan gasar ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ta kauce masa ba, ya sake samun kambun a 2023.

Nura, Kaduna:

Yaya, ai wannan ma sai in ce da ya tabbata da Jackson, da bai bar shi ya wuce lamba ta 16 da ta 25 ba. Kowace ƙungiya daga cikin waɗanda suke tsakani tana iya ɗauke shi.

Aminu, Baltimore:

Tana iyawa, kuma kasada ce babba. Amma sun auna cewa ƙungiyoyin da suke tsakani kusan duka suna da kwatabak ɗinsu, kuma komawa bayan da aka yi ya ƙara musu lambobi, a zagaye na uku na wannan zaɓen suka ɗauki Orlando Brown da Mark Andrews. Akwai kuma dalilin da ya sa suka nace sai lamba ta 32, ba su jira ta 33 da za a buɗe da ita washegari ba. Kwantiragin wanda aka zaɓa a zagayen farko shekara huɗu ne, tare da damar ƙungiya ta ƙara ta biyar, wanda aka zaɓa a zagaye na biyu kuwa babu wannan dama a kansa. Jackson ya buga kakar 2022 a kan wannan shekara ta biyar, lokacin Newsome ya yi shekara uku da barin kujerar.